Tatsuniya cikin hoto: abin da mafarki ke yi a aikin Rahima Gambo da sauran mata masu zane

A shekarar 2013 ƴan bindiga suka afka ma makarantar sakandaren gwamnati ta Shehu Sanda Kyarimi da ke Maiduguri, a jahar Borno ta Najeriya, ɗalibai na ciki. Shekara 4 bayan haka, cikin 2017, wata mai ɗaukar hoto ƴar Najeriya, Rahima Gambo, ta yi aiki da wasu ƴan matan wannan makaranta, ta fito da jerin hotunan da babu bindiga cikinsu, babu jini, babu mai kuka. Ƴan mata ne kawai cikin kayan makaranta na yadi mai gidan dara ja da fari. Nan suna wasan tafa-tafa, can sun kunna kyandir, wanda mu nan muke ce ma buji, cikin aji mai duhu, can kuma sun kutsa cikin itatuwa kamar masu neman wani abu da ya ɓace musu. Ta sa ma aikin suna da Hausa: Tatsuniya.

Wannan aiki muke so mu buɗe muku yau, jama'a masu saurare da masu bibiyar wannan shafi. Me zai sa macen da ta karanci aikin jarida ta aje labarin da ke gabanta, ta koma ma abin da ya yi kama da mafarki? Kuma mene ne ruwanmu da shi, mu da ke Dakoro, Kornaka, Birnin Lalle ko Sabon Mashi?

Wace ce Rahima Gambo?

An haife ta a Landan a 1986. Ta yi karatu mai zurfi bisa zamantakewar maza da mata a can Ingila, sannan ta karanci aikin jarida a jami'ar Kolombiya ta Amurka. A 2015 ta fara wani dogon aiki bisa rayuwar ɗalibai a arewa maso gabashin Najeriya, ta sa masa suna da Turanci, Education is Forbidden, wato an haramta karatu, tana nuni da sunan da aka san ƙungiyar Boko Haram da shi.

Lokacin ba mai sauƙi ba ne. Ranar 14 ga watan Afrilun 2014 an sace ƴan mata 276 daga makarantar Cibok. A watan Fabrairun 2018 aka kwashi wasu 110 a Dapci. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya faɗa a 2017 cewa tun daga 2009 an kashe malaman makaranta sama da 2,295 a yankin, an kuma lalata makarantu kusan 1,400. Mu ma a Nijar mun san ɗanɗanon wannan masifa, tun daga Diffa har Tillaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan azuzuwa.

To, a wancan lokaci duniya ta san yarinyar arewa ta fuska ɗaya ce. Tana zaune ƙasa, ta sunkuyar da kai, an rubuta ƙarƙashin hoton: an sace ta, ko an ceto ta. Ɗan jarida ya zo da kyamara, ya ce faɗa mini abin da ya faru ran nan. Ta faɗa. Gobe wani ya zo, ta sake faɗa. Jibi haka. Rahima ta sha bayyana cewa wannan hanya ta fara damunta, domin kullum ana mayar da yarinya ga rana ɗaya tak, mafi muni cikin rayuwarta, kamar ba ta da wata rana sai ita. Tun a aikinta na farko ta fara kauce ma hoton jarida zalla, tana ɗora zane-zanen littattafan makaranta bisa hotunan. Da ta zo ga Tatsuniya sai ta canza tambayar gaba ɗaya. Maimakon me aka yi muku, sai ya zama: wane wasa kuke yi, me kuke tunawa na ƙuruciya, me kuke so mu shirya tare?

Me ya sa tatsuniya?

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wa ke da tatsuniya. Ta mata ce: kaka, inna, goggo, yaya. Da dare ake yinta, bayan an ci tuwo, har ana tsorata yara cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata. Kuma mai yinta tana rufewa da nuna cewa ƙarya ce, ta ɗora ma Gizo laifin.

Amma ku duba abin da ke cikin wannan ƙarya. Marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa wankin abin da ba ya wankuwa. Yarinyar da ta ƙi kowa ta auri baƙo, ashe dodo ne. Sarki mai zalunci da ƙaramin Gizo ya yi ma wayo. Waɗannan duk maganganu ne da mace ba ta iya tsayawa tsakar gida da rana ta faɗe su ga mai gida ko ga sarki. Sai ta naɗe su cikin tatsuniya, su wuce lafiya, yara su haddace. Ba a kai mutum gaban alƙali don ya yi tatsuniya. Haka nan ba a kai shi don ya yi mafarki.

Wannan ƙofa Rahima ta bi. Idan kun kalli hotunan, abu uku za ku lura da su, waɗanda duk mai mafarki ya sani.

Na farko, wurin sananne ne amma haskensa ya canza. Aji ne, ga benci, ga allo, sai dai duhu ya rufe shi, hasken buji kaɗai ke bisa fuskokin. Ka san wurin, kuma kamar ba ka san shi ba. Haka gidanku ke zuwa maka cikin barci.

Na biyu, lokaci ya cakuɗe. Ƴan matan sun girma, amma wasan ƙananan yara suke yi. Mai kallo ba ya iya cewa wannan kafin harin ne ko bayansa. Ƙuruciyar da yaƙi ya katse ta dawo ta zauna cikin yau.

Na uku, ba a yi maka fassara. Hoton jarida na gaya maka wa, ina, yaushe. Wannan kuwa yana barinka da tambaya. Me suke nema cikin itatuwan? Ɓoyo suke don wasa, ko ɓoyo don tsira? A Borno daji ba wurin wasa ba ne, kowa ya san sunan Sambisa. Ke nan tsoron na nan cikin hoton, bai tafi ko'ina ba, illa dai wannan karon ƴan matan ne ke shiga da ƙafarsu, su fito da ƙafarsu.

Ta ci gaba da komawa wajen ƴan matan shekara bayan shekara, har aka yi kashi na biyu a 2019 wanda ya haɗa da bidiyo. A 2020 tana cikin waɗanda suka samu kyautar CAP, wadda ake ba masu ɗaukar hoto bisa ayyukan da suka shafi Afirka.

Mafarki a wajenmu ba baƙo ba ne

Turawa suna da wata makarantar masu zane da ta taso a Faransa a 1924, wadda ta ɗauki mafarki a matsayin rijiyar da ake ɗebo hoto daga cikinta. Mu kam ba mu jira su ba. A addininmu, sura guda ta Alƙur'ani, Suratu Yusuf, ta fara da mafarkin yaro da ya ga taurari 11 da rana da wata, kuma fassarar mafarkin sarki ce ta tsirar da Masar daga yunwar shekara 7. Hadisai ingantattu sun kasa mafarki gida uku: na gari wanda bushara ce daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda zuciya ce kawai ke maimaita abin da ta wuni da shi. Littafin fassarar mafarki da ake jingina ma Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, har yau ana samunsa wajen masu saida littattafai a kasuwanninmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya rubuta labarin wata ru'uya da ya gani wajen 1794, yana ɗan shekara 40, inda Shaihu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren tarihinmu, wanda ba kowa ke son a ambata ba, amma yana nan. Birnin Lalle, da ke cikin gundumarmu, na cikin tsofaffin biranen sarautar Gobir. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, a fadar Katsinan Maradi akwai ta Iya, kuma waɗannan mata su ne shugabannin ƴan bori. Wata mai bincike ƴar Faransa, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta fitar da littafi a 1972 bisa borin kwarin Maradi, inda mata ne suka fi yawa cikinsa. Ba muna nan don yabon bori ba ne, malamai sun yi bayanin hukuncinsa tun tuni. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, bori harka ce ta ido. Kowane iska da launin tufarsa da kayan riƙonsa: Doguwa Baƙa da baƙi, Doguwa Fara da fari, Malam Alhaji da farar riga da tasbaha, Ɗan Galadima da adon ƴaƴan sarauta. Macen da ba ta da ta cewa a gida, a wannan fage sai a durƙusa mata a saurare ta.

Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane ƙarfin wannan alama ta ido. Da ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru don karantar da matan karkara, sai ta riƙa naɗa jagororinsu, waɗanda ake kira jaji, da malfa da jan ƙyalle. Masu tarihi irin su Jean Boyd sun nuna cewa malfar nan alama ce da aka san Innar Gobir da ita. Wato Nana ta ɗauki abin da idon mata ya saba girmamawa, ta cika shi da karatu. Kun ga ke nan haɗa ruhi, hoto da ɗaukaka darajar mace tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan.

Matar da mafarki ya ba izini

A Maroko an yi wata mata da labarinta zai yi ma da yawa cikin iyayenmu mata kama da nasu. Sunanta Chaïbia Talal, ana faɗinsa Sha'ibiya. An haife ta a 1929 a ƙauyen Shtuka, kusa da birnin El Jadida. Ba ta taɓa shiga lakwal ba. An yi mata aure tana da shekara 13 da wani dattijo, ya rasu tana da 15, ya bar ta da ɗa guda, Husaini. Da aikatau a gidajen mutane a Kazablanka ta raine shi.

Ita da bakinta ta sha ba da labarin yadda ta fara zane. Ta yi mafarki wasu mutane da ba ta sani ba sun shigo ɗakinta sun miƙa mata takarda da kayan zane. Da gari ya waye sai ta je ta sayo shuɗin fentin da ake shafa ma bakin ƙofa, ta fara. A 1966 aka fara baje zanenta a Kazablanka da Paris. Mata ne suka cika zanen nata: amare, masaƙa, matan ƙauyensu, da manyan idanu da launi mai ƙarfi, ja da ɗorawa da shuɗi, ba ruwanta da ƙa'idar makaranta. Wasu masu ilimin zane na ƙasarta sun raina ta da farko, suna ganin aikin wadda ba ta yi karatu ba ne. Ta rasu a 2004, kuma yau tana cikin masu zanen da Maroko ta fi alfahari da su.

Ku tsaya ku auna. Bazawara, talaka, ba ta iya karatu ba, a cikin shekarun 1960. Da ta tashi ta ce ni ina so in zama mai zane, wa zai saurare ta? Amma da ta ce an nuna mini cikin barci, baiwa ce daga Allah, sai bakin mutane ya mutu. Mafarkin ya zame mata takardar izinin da babu wani ofishi da zai ba ta.

Mafarkin da ke tuhuma

Daga Legas kuma akwai Peju Alatise, wadda aka haifa a 1975, ta karanci zanen gine-gine, kuma ta yi suna wajen adawa da aurar da ƙananan yara. A 2017, karo na farko da Najeriya ta samu rumfarta a babban bajen kolin zane na birnin Venis a Italiya, ta kai wani aiki na ƴan mata 8 masu fukafukai, tsaye a da'ira, tsuntsaye na kewaye da su. Aikin ya fito ne daga wani labari da ta rubuta na yarinya mai suna Sim, ƴar shekara 9, da aka bayar aikatau a Legas. Da rana baiwa ce a gidan wasu. Da dare, cikin mafarki, tana tashi sama.

Wanda ya kalli fukafukan zai ce kai, abin sha'awa. Sai daga baya tambayar ta cim masa: me ya sa sai cikin barci yarinyar nan ke da ƴanci? Mu da muke ganin ana ɗaukar ƙananan yara mata daga ƙauyukanmu ana kai su aikatau Maradi ko Yamai, da waɗanda ke wuni da farantin talla a tasha ranar kasuwa, mun san Sim ba a Legas kaɗai take ba.

A gida Nijar ma muna da misali. Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram a 1982, ta fitar da fim a 2016 mai suna L'arbre sans fruit, wato icen da ba ya ƴaƴa, bisa halin da macen da ba ta samu haihuwa ba ke shiga. Cikin fim ɗin tana magana da mahaifiyarta, wadda ta rasu wajen haihuwa tun Aïcha na ƙarama. Abin da ke da nauyin faɗa ma masu rai, sai ta faɗa ma wadda ta riga mu gidan gaskiya, mu kuma muka ji. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a wannan shekara.

Ina haƙƙin mata ya shigo?

Irin waɗannan mata ake ce ma feminis a Faransanci da Turanci. Mun san kalmar na tada ƙura a wajenmu, wasu da sun ji ta sai su ce an zo raba aure ko an zo yaƙar addini. Masu amsa sunan iri-iri ne, kuma ba duka ra'ayinsu ɗaya ba. Amma tushen maganar shi ne a ɗauki mace cikakken mutum mai hankali da ra'ayi, a daina yanke hukunci bisa rayuwarta ba tare da an ji ta bakinta ba. Matan Nijar ba su jira wani ya koya musu wannan ba. Ranar 13 ga watan Mayun 1991 suka fito zanga-zanga a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma dole aka ƙara musu kujeru. Ita ce ranar da muke bikin matan Nijar kowace shekara.

A fagen hoto tambayar ita ce: wa ke riƙe da kyamara, wa ke gabanta, kuma wa ya zaɓi yadda za a nuna shi? Cikin Tatsuniya ƴan matan na da hannu wajen shirya abin da za a ɗauka. Wannan shi ne bambancin. Ga shi kuma alƙaluma na nuna dalilin da ya sa abin ya dame mu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ɗiya mata a Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Jahar Maradi ce kan gaba, da kashi 89. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke karatu. Amma alƙaluma da doka duk daga waje suke kallon yarinya. Suna ƙirga ta, ba su san me ke cikin kanta ba. Abin da ke cikin kan nan shi masu zanen ke ƙoƙarin fitowa da shi fili.

Tambayoyi biyu da ba za mu tsallake ba

Ta farko ta halacci ce, kuma mun san za a yi mana ita. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, malaman fiƙihu sun bambanta abu biyu. Cikakken mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai sun haramta shi, ban da ƴar tsanar wasan yara mata. Zane bisa takarda, bango ko tufa kuwa ba su kai shi ga haramci ba, sun tsaya ga karhanci ko barin abin da ya fi. Akwai malaman wasu mazhabobi da suka fi haka tsanantawa. Hoton kyamara da yawa cikin malaman zamani sun halatta shi idan abin da ke ciki bai saɓa ma shari'a ba. Zanen itace, fure, tauraro ko dagi kuwa babu saɓani cikinsa. Ke nan aikin Peju Alatise, da yake mutum-mutumi ne, ba hukuncinsa ɗaya da hoton Rahima ko zanen Sha'ibiya ba. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa.

Ta biyu ita ce: mafarki na gina aji? Yana sayen kaye da bik? A'a. Kuma gaskiya ne yawancin waɗannan ayyuka a manyan ɗakunan baje koli na Turai da Amurka ake kallonsu, nesa da ƴan matan da ke cikinsu. Wannan ƙorafi ne mai tushe, masu zanen Afirka da kansu na tattauna shi. Sai dai ginin aji da sauraron yarinya ba kishiyoyi ba ne. An sha gina aji, a zuba benci, yarinya ta zo shekara 2 ta daina zuwa, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Abin da ya rage gare mu a Dakoro

Duk mai ɗiya a sakandare a ƙasar nan ya ji labarin abin da ake kira génie tchatcheur, aljani mai surutu. Ana cikin darasi yarinya ta faɗi tana ihu, ta biyu ta bi, ta uku ta bi, har a tashi makaranta. Malamai na zuwa su yi ruƙiyya. Likitoci na cewa firgici ne da damuwa ke yaɗuwa tsakanin mutanen da ke cikin matsi iri ɗaya. Adeline Masquelier, wata mai bincike da ta daɗe tana aiki a Dogonduci, ta yi rubutu bisa lamarin, tana danganta shi da nauyin da ke bisa ƴan mata tsakanin burin karatu da matsin aure da aikin gida. Ba mu ne za mu raba gardama tsakanin malam da likita ba. Amma kowane ɓangare mutum ya tsaya, abu ɗaya a fili yake: sai yarinya ta faɗi ƙasa, murya ta canza, sannan manya ke taruwa su saurari abin da ke fitowa daga bakinta. Me zai hana a saurare ta tana tsaye, cikin hankalinta, da alli ko fenti a hannu?

Kuma hannun nan ya riga ya iya. Wa ke zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi? Wa ke ɗinkin faifai da saƙar tabarma mai launi? Wa ke zana lalle a ƙafar amarya, wa ke tsara jeren ɗaki? Ku je Bermo ku ga adon da matan Wodaɓe ke ɗinka ma riguna, da ƙoren da suke bajewa ranar biki, ko ku duba aikin fatar matan Abzinawa. Duk zane ne, kuma duk na mata ne. Abin da ya bambanta su da Sha'ibiya shi ne ita an rubuta sunanta ƙarƙashin aikinta, an tambaye ta me take nufi. Namu kuwa muna taya ƙwarya, mu biya, mu tafi, ba mu taɓa cewa inna, wannan zanen mene ne sunansa, a ina kika samo shi?

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ke bukatar kuɗin wata ƙungiya. Mushe ko madan da ke riƙe da aji, ku ware awa guda cikin sati ku ce ma yara su zana wata tatsuniya da kakarsu ta yi musu, ko wani mafarki mai daɗi da suka tuna, sannan kowa ya yi bayanin nasa. Kada a tilasta ma kowa faɗin abin da ba ya so, kada kuma a yi ma kowa dariya. Idan zanen yarinya ya nuna tsoro ko wani abu da ke cin ranta, a ja ta gefe a ji, a nemi uwarta ko ma'aikaciyar lafiya. Iyaye, idan kun ga ɗiyarku na zane a bayan kaye ko a ƙasa da tsinke, ku tambaye ta labarin kafin ku ce ta tashi ta ɗauki talla. Matasa masu salula, yanzu kowannenku mai ɗaukar hoto ne. Ku ɗauki darasin Rahima Gambo: a nemi yardar mutum kafin a ɗauke shi, a bar shi ya zaɓi yadda zai fito, kuma hoton ɗiyar wani ba abin watsawa a WhatsApp ko Facebook ba ne ba da saninta da na iyayenta ba.

Ƙungiyoyin mata na gundumar nan kuma, ga 13 ga Mayu na zuwa kowace shekara. Bayan jawabai da anko, a shimfiɗa tabarmi a baje ƙore, faya-fayai, ɗinki da zanen ƴan makaranta, kowane da sunan mai shi a rubuce, a ba ta dama ta faɗi abin da ta zana da inda ta samo shi. Mu a namu ɓangare makirufo na nan. Duk wata uwa ko ɗaliba da ke da zanen da take son yin bayaninsa, ta zo gidan rediyo ko ta aiko da saƙo ta hannun wakilinmu na garinsu, za mu sa ta cikin shirin mata.